Rigunan da na yi jinya a cikinsu

Ni malamar makarantar firamare ce a Tawa, uwar ɗiya huɗu. Na daɗe ina fama da zubar jini duk wata, irin zubar da ke hana mace zama a kan kujerar mutane. Ga jiri, ga kasala, in na tsaya gaban allo sai na dafa bango. Cikina kuma ya yi ta tasowa har wasu suka soma yi mini addu'ar sauka lafiya. Da aka yi mini hoton ciki, lokotoro ya ce ƙari ne a mahaifa, wanda suke kira fibrom, kuma ba guda ɗaya ba ne. Ya kwantar mini da hankali cewa ba ciwon daji ba ne, yana da yawa a cikin matan baƙar fata, da dama suna yawo da shi ba su ma sani ba. Sai dai nawa ya girma, ya shanye mini jini, ƙwaya ba za ta ƙara riƙe shi ba. Aka tsai da shawara a cire mahaifar. Muka zaɓi Yamai saboda yayata tana can, akwai inda zan kwanta bayan an sallame ni.

Duk wanda aka taɓa yi wa nasa aiki ya san shirin da ake yi. Maigida ya shiga neman kuɗi. Ƙannena suka je aka gwada jininsu ko da za a buƙaci a ƙara mini. Aka yi ta shawarar wa zai zauna da ni a likita, wa zai riƙe yara, wa zai karɓi ajina. Aka yi sadaka, aka roƙi Allah. Ba wanda ya yi zancen tufafi, don a ganinmu wanda za a shiga da shi ɗakin fiɗa ba ta ado yake ba.

Maƙwabciyarmu ce ta tayar da maganar, wata dattijuwa da ta yi aikin ungozoma har ta yi ritaya. Ta shigo da la'asar ta tarar ina haɗa kaya, ta zauna bakin gado.

"Ɗiyata, in an fito da ke, mi za ki sa?"

"Ai ina da kaya, Gwaggo. Ga akwati nan cike."

"Buɗe in gani."

Ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana ajiyewa gefe: riga da siket na atamfa masu zif a baya, shaddodi masu aiki a wuya, leshin bikin ƙanwata, zannuwa. Sai ta ce in tashi in ɗaura zanena yadda na saba. Na ɗaura, na soke bakinsa a kwankwaso. Ta sa ɗan yatsa ta bi layin da zanen ya zauna a cikina, ta danna kaɗan.

"Nan wuƙa za ta bi. Ko a yanka a kwance can ƙasan mara, ko a tsaye daga cibiya zuwa ƙasa. Ko wanne aka yi, bakin zanenki a kansa zai zauna. Siket ɗin nan kuwa ki manta da shi, cikin da aka buɗe kumbura yake yi. Ki nemi abin da kafaɗa za ta ɗauka, ki bar wa ƙugu hutu."

Daren nan na kwana ina juya maganarta. Gaba ɗaya suturar macen Bahaushe a ƙugu take rataye. Kamfai a nan, fatari a nan, zane a nan, siket a nan. Tun muna ƴan mata ake koya mana ɗauri mai ƙarfi, wanda ba ya kwancewa ko an yi daka ko an goya yaro. Ga shi za a taɓa ni daidai wurin da komai yake ɗaure.

Akwai kuma abu na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi. Ɗakin maras lafiya a ƙasarmu ba ɗakin kaɗaici ba ne. Dubiya hakkin Musulmi ne a kan ɗan'uwansa, kuma mutanen Tawa ba sa wasa da ita. Tun hantsi ake sallama: dangin miji, abokan aiki, matan unguwa, iyayen yaran da kike koyarwa, wani ma ba ki san shi ba sai ya ce shi abokin maigida ne. Ina son wannan hali namu, kuma ranar da na kwanta na ga amfaninsa. Amma na sha zuwa dubiya na ga yadda take kasancewa. Wata za ki tarar da ita da ɗaurin ƙirji, an yi sallama ta rarumi hijabi ta rufa a gaggauce, tana sunkuyar da kai gaban yayyen mijinta. Wata kuma, don gudun wannan kunyar, sai ta cije ta sa shadda, ta zauna zufa na keto mata, tana murmushin dole, baƙi na fita ta fashe da kuka. Ban so ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ina so in zauna gaban mutane da mutuncina, kuma kada tufafina su ƙara mini ciwo.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa, muka tafi da Gwaggo neman yadi. Lokacin bazara ta kunno kai, kuma kowa ya san Afrilu da Mayu a Adar, zafi yana haura digiri 40. Ta ce auduga zalla za mu saya, don ita ce ke shan zufa ta bar fata ta sha iska. Atamfa ta asali auduga ce, amma kasuwa cike take da masu arha da aka gauraya da roba, ido bai cika bambance su ba. Sai ta roƙi mai shago ya bar ta ta zare zare ɗaya daga bakin turmi, ta kyasta ashana. Zaren ya ci wuta ya zama toka mai laushi, yana ƙauri irin na takarda. Ta zaro na wani turmin, shi kuwa ya narke ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Ta miƙa wa mai shagon a tafin hannu, ta ce, "Alhaji, wanga ba na maras lafiya ba ne." Ya yi dariya ya sauko mana da na sama.

Shadda ba mu ko kalle ta ba. Ita ma auduga ce, mai kyan ma, irin Getzner da ake kawowa daga Ostiriya, babu kamarta wurin fita kunya. Amma ƙyallin nan da muke so, da taurin da ke sa ta tsaya, su ne ke kartar fata, kuma in an kai ta bugu sai ta ƙara ƙarfi. Leshi kuwa ramukansa da duwatsunsa suna kama filasta. Muka ɗauki turmin atamfa biyu masu yadi shida-shida, da wani yadi mara zane mai laushi, shuɗi mai duhu. Launin ma sai da muka tsaya a kansa. Wadda jini ya yi wa ƙaranci fuskarta a ɗashe take, rawaya da ruwan toka suna ƙara fito da rama. Shuɗi, ruwan goro da kore mai duhu sun fi rufa asiri.

Wurin tela aka yi doguwar magana. Telan nan shi ke mini ɗinki tun ina amarya, ya san awona da ka. Da na gaya masa abin da nake so, sai ya ajiye almakashi.

"Haba Malama, wannan ai buhu kike so in ɗinka miki. In aka tambaya wa ya yi, sunana za a kira."

Na ce masa, "Malam, aiki za a yi mini. Ka ɗinka yadda zan iya sawa da kaina, sannan ka nuna gwanintarka a wuya da hannu."

Ya yi shiru, ya yi mini addu'a, ya jawo littafin awo. Daga nan shi ya riƙa kawo dabaru ma.

Doguwar riga ce mai saukowa daga kafaɗa, ba a tsuke ta ko'ina ba, an ba ta tattara kaɗan a saman ƙirji don ta buɗe a ciki. Gabanta a tsage yake tun daga wuya har ƙasa, da maɓallai, sai ya ɗora wani yanki a kansu ya rufe su, har ba a ganewa sai an matso. Wannan tsagar ita ce ran rigar. Doguwar riga rufaffiya, in za a wanke ciwon ciki, sai an naɗe ta tun daga ƙafa har ƙirji, a ɗakin da ke da gadaje da yawa da masu shige da fice. Rigata kuwa maɓalli uku na tsakiya ake ɓallewa, a yi abin da za a yi, a mayar. Ban taɓa ɗaga hannu sama don in zura kai ba, ban taɓa neman wanda zai ja mini zif a baya ba. Hannun rigar ya yi shi da faɗi, yadda za a naɗe shi har kafaɗa a auna jini, kuma robar ƙarin ruwa ta wuce ba tare da an cire ta ba. Aljihu ya sa shi a gefe, can sama, saboda nauyin waya da carbi kada ya riƙa bugun ciki.

Tsawon rigar Gwaggo ce ta yanke. Tela ya auna har ƙasa yadda aka saba, ta ce ya rage ya tsaya a saman idon sawu. Ta ce wadda aka yi wa aikin ciki a duƙe take tafiya kwanakin farko, in ta duƙa gaban riga sai ya ƙara sauka, ta taka shi ta faɗi. Ga kuma ƙasan makewayi da ba ya rabuwa da ruwa. Ban gane nauyin wannan magana ba sai da na tsinci kaina ina jan ƙafa, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a kafaɗar yayata.

Adon kuwa duk a sama aka zuba shi, domin mai dubiya a zaune yake samunki, daga ƙirji zuwa fuska yake gani. A wuyan shuɗiyar ya yi ɗan aiki siriri da zare ruwan zinariya, ya yi masa shafi ta ciki don kada zaren ya taɓa fata. Na atamfa ya bi bakin wuya da bakin hannu da yadi mai launi ɗaya. Kowace riga da ɗankwalinta. Da na karɓo su ban sa su a akwati ba sai da aka wanke su aka sake wankewa, har taurin sabunta ya fita, aka shanya a rana, aka goge ciki da waje.

Na ciki kuwa ba a saya ba. Mahaifiyata ta ciro tsofaffin zannuwanta farare da suka sha wanki har suka yi laushi tiɓis, aka yi mini shimi da su, marasa ɗinki a gaba. Gwaggo ta nace a kan fari, ta ce in ciwo ya soma fitar da ruwa ko jini, farin ƙyalle ne zai fara gaya miki, atamfa mai zane ɓoyewa take yi. Kamfai na auduga na saya, manya fiye da awona, masu hawa har saman cibiya.

Aikin ya yi kyau, alhamdu lillahi. A tsaye aka yanka, daga ƙasan cibiya zuwa mara, saboda girman ƙarin. Ranar farko ba ta tufafi ake ba, zanen gado ne da robar fitsari da ƙishirwa. Washegari ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce in tashi. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce tafiya ita ce ke hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa, ita ce ke tayar da hanji ya koma aikinsa, kuma tana buɗe ƙirji. Yayata ta zura mini shuɗiyar rigar ta baya ina zaune, hannu ɗaya sannan ɗayan, ta ɓalla maɓallai, ta ɗaura mini ɗankwali. Na fita baranda ina takawa kaɗan-kaɗan. Akwai maza zazzaune a kan tabarmi suna jiran nasu, na wuce su, suka ce sannu Hajiya, na amsa.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah da aka kawo daga ƙauye, ita ma cikinta aka buɗe, ta riga ni da kwana biyu. Zannuwa kawai ta zo da su. Ba ta iya ɗaura su a ƙugu, sai ta ɗaura a ƙirji, shi ma ba da ƙarfi ba, tana riƙe da shi da hannu. Kullum a ce ta tashi ta zagaya, sai ta taka daga gado zuwa ƙofa, ta leƙa ta ga maza a baranda, ta dawo ta kwanta. Ana ganin kamar ragwanci ne. Ni da nake kusa da ita na ga abin da ke mayar da ita. Da dare na ce wa yayata ta ciro ɗaya daga cikin na atamfa ta ba ta. Ta ƙi karɓa da farko, sai da na ce, "Ƴar'uwa, aro ne, ki sa mu fita tare, ni ma ina son abokiyar tafiya." Da safe muka fita mu biyu, muka kai ƙarshen baranda muka dawo. Da yamma ita ta ce mu ƙara. Ranar da aka sallame ta ta naɗe rigar za ta mayar, na ce ta tafi da ita, tafiya ce mai nisa a gabanta. Tun daga ranar na daina ɗaukar zancen nan a matsayin kwalliya. Matar nan kunya ce ta kwantar da ita, kuma kwanciyar tana iya jawo mata wani ciwon da ya fi wanda ya kawo ta.

Na zauna gidan yayata har aka cire zare. Zafin Yamai ga ɗumin kogi, in wuta ta ɗauke sai mafici. Safe da yamma nake canza shimi, don zufa in ta jiƙa bandeji matsala ce. An gaya mini abin da zan sa wa ido: ciwo ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ya fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo. Ko ɗaya bai faru ba. Rigunan ba su da yawa, saboda haka kullum ɗaya na jiki, ɗaya na kan igiya. Ɗiyar yayata ke wankewa da sabulu mara ƙamshi, ta ɗauraye sosai, ta goge. Turaren wuta a kan riga ta waje kawai ake yi, humra kuwa a wuyan hannu da bayan kunne, ba abin da ke zuwa kusa da ciwo.

Komawa Tawa ita ce abin da na fi tsoro. Wajen kilomita 550 ne, a bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sannan a karkata arewa. Sai da lokotoro ya yarda muka kama hanya. Na rungume ƙaramin matashi a ciki saboda gargada, shi ne kuma nake dannawa in tari ko atishawa ta zo. Duk inda aka tsaya sai na sauka na ɗan taka. A wannan tafiyar ce lafaya ta yi mini rana. Mu a Tawa mun tashi tare da Larabawa da Buzaye, mun saba ganin matansu da ita, da yawa cikinmu ma muna sawa ranar biki. Ƙyalle ɗaya ne dogo mara nauyi, a kafaɗa ake ƙulla shi, a zagayo da shi jiki, a rufe kai da sauran. Ba ya neman komai daga ƙugu. Na ɗora ta a kan rigata, na ɗaure ta sama kaɗan don kada ta harɗe ni a matakalar mota. Wanda ya gan ni a tasha zai ce daga biki nake. Takalmi kuwa silifa ne mai taushi wanda ba ya santsi, ana zura ƙafa ba sai an sunkuya ba.

Da na iso gida dubiya ta buɗe. A nan zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Na san labari ya riga ni isowa cewa an cire mini mahaifa, kuma na san yadda wasu ke kallon macen da aka yi wa haka, kamar ta tashi daga aiki. Ni kaina akwai daren da na kwana ina kuka a kan wannan, ko da yake Allah ya ba ni ɗiya kuma ban da niyyar ƙari. Ranar da yayyen maigida suka aiko cewa za su shigo bayan la'asar, na sa ɗiyata ta goge shuɗiyar rigar. Ta gyara mini kitso, na sa kwalli, na ɗaura ɗankwali, na yafa mayafi mara nauyi. Aka sa mini kujera mai hannu a falo da matashi a baya. Suka shigo, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, na sa yara suka kawo ruwa da fura, na tambayi iyalansu. Babban cikinsu ya dube ni ya ce, "Malama, ashe jiki ya yi kyau haka? Alhamdu lillahi." Ciwo yana nan yana zugi a ƙarƙashin rigar, amma babu abin da ke matsa shi, kuma a matsayin matar gida na karɓe su. Bayan sun tafi na koma gado da rigar a jikina, ban buƙaci cire komai ba sai mayafi.

Uwar mijina, Allah ya saka mata, ta tare a gidan don ta kula da ni. Da ita muka ɗan sha bamban a kan ɗaure ciki. Ta kawo zane ta ce a tamke mini shi sosai, yadda ake yi wa mai jego, kada ciki ya saki. Na san ƙauna ce ta sa. Na ce, "Inna, lokotoro ya hana a matse wurin. Ya ce in ana bukatar ɗamara, akwai ta farmasi, shi zai rubuta, shi zai faɗi lokacin." Ta ce su da can da zane aka yi musu kuma ga su nan. Na ce, "Gaskiya ne, Inna, amma ku ba a yanka ku ba." Ta yi shiru, sannan ta ce in buɗe ta gani. Na ɓalle maɓallan tsakiya. Da ta ga tsawon ɗinkin sai ta riƙe baki, ta naɗe zanenta da kanta, ba ta sake tayar da maganar ba. Ita ce ma daga baya ke hana yara hawa jikina.

Salla a zaune na yi ta a kan kujera, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Imrana ɗan Husaini sauƙi lokacin da ba shi da lafiya: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Dogon hijabina mai jan ƙasa na ajiye shi, yana da nauyi kuma yana naɗe ƙafar kujera. Na koma wa matsakaici mai sauka gwiwa, tunda rigar ta riga ta rufe sauran, na ƙara da safa da ɗiyata ke sa mini. Faɗin hannun rigar ya sauƙaƙa alwala.

An ce mini wajen mako shida kada in ɗauki abu mai nauyi, ba bokitin ruwa, ba turmi, ba goyo. Na kiyaye. Ko bayan ciwon ya rufe, tabon ya daɗe yana ƙaiƙayi, gefensa kuma a mace, in wani abu ya goge shi sai in ji wani iri har cikin raina. Saboda haka da na koma makaranta da rigunan nan na koma, na ƙara ɗinka biyu, waɗannan ba tsaga har ƙasa. Abokan aikina mata suka riƙa tambayar wa ya yi mini ɗinkin. Zane na dawo masa a hankali, ina ɗaura shi sama da cibiya a kan shimi, sako-sako. Shadda sai da Salla ta zo na sa, ita ma bubu aka yi mini da ita, an wanke ta ba a kai ta bugu ba.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai yanzu su ne masu haihuwa ta hanyar aiki. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta ayyana wannan aiki kyauta a likitocinta, kuma ya ceci rayuka masu yawa, yau da wuya ki sami unguwar da babu wadda aka yi wa. Amma rana ta bakwai suna ne, gida ya cika, kuma an riga an ɗinka wa mai jego kayan fitar suna tun tana da ciki: riga matsattsiya, siket mai zif, wani lokaci har da abin matse ciki a ƙarƙashi don hoto ya yi kyau. Yarinya da ɗanyen ɗinki a mara, zare ma wataƙila ba a cire ba, ta wuni tana tashi tana zama tana canza kaya. Wallahi abin yana ba ni tausayi. Da ɗiyar ƙanwata ta haihu ta wannan hanya, ni na karɓi leshin sunan na ajiye mata shi sai arba'in. Na kai wa telana atamfa mai kyau ya yi mata irin tawa, tsagar gaba ta yi mata amfani biyu, ga wankin ciwo ga shayarwa. Ta yi ɗauri mai kyau, ta sa sarƙarta da lalle, ta zauna a kujera aka yi hotuna. Ba wanda ya ce ba ta yi ado ba.

Maza ma ba su tsira ba. Ƙanin maigida da aka yi wa aikin gwaiwa, zariyar wando ce ta hana shi sakat, daidai kan ɗinkin take zama. Jallabiya mai laushi ya koma, da hula mai kyau, da ita ya karɓi masu dubiya, da ita ya fara fita Juma'a.

Na san ba kowa ke da halin sayen turmi ba ana tsakiyar neman kuɗin magani. Matar da muka yi kwana tare a likita ba ta da shi, kuma irinta sun fi yawa. Zannuwa biyu da aka riga aka saba da su sun isa riga ɗaya, sun ma fi sabo laushi, kuɗin ɗinki kawai za a biya. A gwanjo ana samun dogayen riguna na auduga masu maɓalli a gaba, a wanke su da kyau a shanya a rana a goge. Abin da nake gaya wa duk wadda ta zo mini da takardar aiki a hannu shi ne ta je wurin tela tun tana kan ƙafarta, don bayan aiki ba za ta iya tsayuwa a auna ta ba. Ta ce masa ya ƙara faɗin ciki da kamar tafin hannu biyu a kan awonta, ya rage tsawo zuwa idon sawu, ya sa maɓallan da yatsu masu rauni za su iya ɓallewa.